Yadda Ake Cin Abinci a Ƙananan Gidajen Abincin Kudancin Indiya

Duk wanda jinya ko karatu ko fatauci ya taɓa kai shi Chennai ko Bengaluru ko Hyderabad ya san wahalar da ciki ke sha a makon farko. Lokacin da na raka yayana jinya Chennai, masaukin da muka kama kusa da asibiti cike yake da mutanenmu, daga Kano, daga Sakkwato, har da wani dattijo daga Maraɗi da ya kawo matarsa. Kowa da ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yajin da aka haɗo masa daga gida. In guzuri ya ƙare sai a koma burodi da shayi safe da dare, har mai jinya ya rame kamar shi ne majinyacin. Alhali a layin nan kaɗai gidajen abinci sun fi biyar, tun asuba tururi ke tashi a cikinsu, kuma kuɗin ƙoshi bai taka kara ya karya ba.

Rashin sanin kan abin ne ke hana mu shiga. Sunaye baƙi, babu cokali, ga ganyen ayaba an shimfiɗa, ga mutum da bokiti a hannu yana zuba abin da ba ka taɓa gani ba. Ina so in cire wa matafiyi wannan fargabar, domin abincin nan ɗan'uwan namu ne na kusa. Shinkafa ce da wake ake jiƙawa a markaɗa, a bar ƙullin ya kwana ya tashi kamar na waina. Miya ce ta tsamiya da kuɓewa da kabewa da 'ya'yan zogale. Ga kindirmo, ga man shanu, ga mazarƙwaila. Da hannun dama ake ci, kuma sai an wanke hannu ake farawa. Abu biyu kawai baƙo zai riƙe: kowane abinci da lokacinsa, kuma in an zuba maka, akwai abin da ake buɗewa da shi, akwai abin da ake rufewa da shi.

Tsaya a ƙofa ka karanta allo

Jihohi biyar ake nufi in an ce kudancin Indiya: Tamil Nadu (inda Chennai take), Kerala, Karnataka (inda Bengaluru take), Andhra Pradesh, sai Telangana (inda Hyderabad take) da aka cire daga Andhra a 2014. Kowace da girkinta, amma tsarin gidan abinci kusan ɗaya ne, kuma yawancin alluna suna da rubutun Turanci a ƙasan na harshen gari.

In ka ga an rubuta Hotel a kan ƙaramin shago, gidan abinci ne. Wurin kwana Lodge ake rubuta masa. In ka ga Pure Veg, ko koren ɗigo cikin koren murabba'i, to babu nama, babu kifi, babu ƙwai a gidan, sai dai madara da nono da man shanu. Gidajen da ke ɗauke da sunan Udupi, wani gari ne a gaɓar tekun Karnataka da masu girkinsa suka bazu ko'ina, galibi irin waɗannan ne, haka ma mafi yawan masu Bhavan a sunansu. Ga Musulmin da bai gama sanin gari ba, nan ne wurin da hankali ya fi kwanciya, domin maganar yanka ba ta ma taso ba. Shi ya sa nake ba kowa shawarar ya fara da su. Sai dai a kiyaye haƙƙin masu gida: kada ka shiga musu da kilishi ko dambun nama a leda kana haɗawa da abincinsu. Ga da yawansu wannan magana ce ta addini, kuma abin yana yi musu ciwo ƙwarai.

Mess ƙaramin gida ne mai girki irin na cikin gida, wani da nama, wani babu. Military Hotel kuma ba ruwansa da soja, suna ne da ya bi gidajen da ke dafa nama. A irin waɗannan ka tambayi halal kai tsaye, kalmar kowa ya san ta, kuma da yawa sukan manna ta a ƙofa. Mutton a bakinsu naman akuya ne ko na tunkiya. Ana cin alade a yankin Kodagu da Mangaluru da wasu sassan Kerala, saboda haka a can tambaya ta zama dole. In ka ga an rubuta Bar a gefen sunan gida, wuce gaba.

Wajen zaɓe tsakanin gida biyu, bi wanda ya fi cika da 'yan gari, musamman in ka ga mata da yara da tsofaffi a ciki. Inda ake ciniki abinci ba ya kwana, kuma ƙullin yau ake soyawa yau.

Duba agogo

Nan ne baƙi suka fi tuntuɓe. A ranata ta biyu na shiga wani gida wajen ƙarfe goma na safe na nemi shinkafa da miya, aka ce babu. Na fita da yunwata ina zaton an ƙi sayar mini ne. Ashe lokacinta ne bai yi ba.

Daga wajen bakwai na safe zuwa sha ɗaya lokacin abincin da suke kira tiffin ne, wato su idli da dosa da vada. Daga sha biyu zuwa wajen uku na rana sai shinkafa, wadda suke kira meals, kuma za ka ga an fito da ɗan allo bakin ƙofa an rubuta Meals Ready. In uku ta gota, tukunya ta ƙare. Da la'asar kofi ne da soye-soye. Da dare tiffin ya dawo, a ƙara da chapati da parotta, wato nau'o'in gurasar alkama, kuma ƙananan gidaje da yawa kafin sha ɗaya sun rufe. Mai son cin shinkafar rana cikin natsuwa ya je sha biyu da rabi, kafin ma'aikatan ofis su sauko.

Shiga, wanke hannu, nemi wuri

Da shigarka nemi inda aka rubuta Hand Wash, galibi a can ƙurya yake. Wanke hannu, sannan ka zauna duk inda ka ga kujera ba kowa, ko da akwai mutane a teburin. Haɗa tebur da wanda ba ka sani ba ba komai ba ne, kuma ba a jiran ka yi masa tayi ko ka ja shi da hira. Wasu gidajen suna da ɗaki mai na'urar sanyaya wuri, abinci ɗaya ne amma kuɗinsa ya ɗara. In da iyali kake, ko ke ce mace kika zo ke kaɗai, tambayi Family Room. Wuri ne da aka keɓe wa mata da masu iyali.

A Bengaluru akwai wani tsari daban da ake kira darshini, wanda ya yaɗu tun shekarun 1980. Kanta za ka fara zuwa ka biya, a ba ka ɗan tikiti, ka miƙa shi ta tagar kicin, ka karɓi farantinka, ka ci a tsaye a kan dogon teburin ƙarfe. Minti goma ka gama. Tikitin kofi daban yake, wurin karɓarsa ma daban.

Inda ake zama kuwa, mai sabis zai zo ya ajiye kofin silba na ruwa, wani lokaci ba takardar jerin abinci, sai ya zayyano maka sunaye da baki cikin sauri. Kada ka rikice. Faɗi abu ɗaya da ka riga ka yanke shawara a kai, ko ka nuna farantin maƙwabci da hannu, ba abin kunya ba ne. A Tamil Nadu da Andhra da Karnataka kira shi anna, wato yaya. A Kerala chetta. In ya kaɗa kai gefe da gefe, ya ji ne kuma ya amince.

Wani abin da ya kamata masu kallon finafinan Indiya su sani: ɗan Indiyancin da muka tsinta a fim harshen Hindi ne, na arewa. A Hyderabad zai yi maka aiki, a Bengaluru ma da dama-dama, amma a Tamil Nadu mutane da yawa ba sa ji, kuma suna da tarihin adawa da a ɗora musu shi, har zanga-zanga mai zafi aka yi a kan haka a 1965. Turanci gajere ya fi. Kalmar da ta fi kowace amfani ita ce ta "ya isa", domin masu zuba abinci ba sa tsayawa sai ka tsayar da su: podhum da Tamil, saaku da Kannada na Karnataka, chaalu da Telugu na Andhra da Telangana, mathi da Malayalam na Kerala. In ka manta, ɗora tafin hannu sama da farantin, kowa ya gane. Kaaram shi ne yaji da Tamil da Telugu. "Kaaram kammi" a Chennai na nufin a rage yaji.

Ruwan tebur kuwa, baƙon da cikinsa bai saba ba gara ya sayi na gora, ya duba murfin bai taɓu ba. Farashinsa a buge yake a jikin gorar. A Kerala sukan kawo ruwan ɗumi tafasasshe, wani lokaci ja-ja saboda wani itace da ake tafasawa a ciki, wannan sha abinka.

Karin kumallo: fara da idli

Idli farin abu ne zagayayye mai laushi, ƙullin shinkafa da wani wake da ake kira urad da 'yar hulba, a bar shi ya kwana ya yi tsami da kansa ba yis, sannan a turara shi. Babu mai, babu yaji. Biyu ake sawa a faranti, a haɗo da sambar da chutney. Sambar miya ce ta wake da tsamiya da kayan lambu. In ka ga wani dogon kore kamar kara a ciki, ɗan zogale ne, a tsotse cikinsa a ajiye ɓawon a gefe. Chutney farin na kwakwa ne, jan na tumatir da albasa da barkono. Gutsuri idli da yatsu, tsoma, kai baki. In sambar ta ƙare ɗaga kwanon ka ce "sambar", ƙari kyauta ne. Ta Bengaluru tana da ɗan zaƙi domin suna jefa mazarƙwaila, ta Chennai tsami da yaji ne suka fi fitowa. Akwai kuma podi, garin soyayyen wake da busasshen barkono da riɗi, ana kwaɓa shi da man riɗi ko man shanu a dangwala. Duk wanda ya tashi da yajin ƙuli, ranar farko zai kama shi.

Vada ƙosai ne mai huda a tsakiya, na waken urad, da ƙwayoyin masoro da citta a ciki. "Idli-vada" a faranti ɗaya shi ne karin kumallon da ba ya ba da kunya. Paniyaram kuwa waina ce ƙanana, har tandarsu mai ramuka irin tamu ce. Ranar da na fara ganin wata tsohuwa tana juya su da tsinke a bakin shago, sai da na tsaya na daɗe ina kallo, na tuna masu waina na unguwarmu.

Dosa ita ce sarauniyar wurin. Ƙulli ne dangin na idli amma ya fi ruwa, a zuba a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi, a baza shi da gindin kwano har ya zama siriri, a yayyafa mai, ya soyu ya yi ja. Plain dosa ba komai a ciki. Masala dosa an naɗe dankalin turawa da albasa da kurkum a tsakiyarta. Ghee roast da man shanu ake gasa ta har ta yi ƙaras-ƙaras. Rava dosa ta tsakin alkama ce, mai huda-huda kamar raga, takan ɗan ɗauki lokaci. Uttapam kuwa mai kauri ce da albasa a sama, sinasir sak. Kada tsawon dosa ya tsorata ka ko da ta zarce faranti, siririya ce. Fara yaga daga gefe inda ta fi soyuwa, kana matsowa tsakiya, in ka iso dankalin ka riƙa ɗibarsa da gutsuren dosar. Kuma ka riƙa neman abu ɗaya-ɗaya. Dosar da ta jira ka minti biyar ta saki, daɗinta ya tafi.

Pongal shinkafa ce da wake an dafa sun yi luguf da man shanu da masoro da yazawa, tana da nauyi, tana riƙe ciki har azahar. Upma tsakin alkama ne da aka dafa da albasa, a Karnataka suna ce masa khara bath. A Bengaluru akwai tsohon gida mai suna MTR kusa da lambun Lalbagh, tun 1924 yake, su ne suka ƙirƙiro idli na tsakin alkama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da shinkafa ta yi wuya. Rava idli ke nan da ake samu ko'ina yau. A Kerala nemi puttu, garin shinkafa da kwakwa da ake turarawa a cikin bututu, ɗan'uwan dambu, ana ci da miyar baƙin wake. Akwai kuma appam, mai laushi a tsakiya da siririn gefe. A gargajiyance wasu kan tayar da ƙullinsa da bammin kwakwa, ko da yake gidajen abinci yanzu yis suka fi amfani da shi. In ka ga an rubuta kallappam, tambaya kafin ka ci.

Shinkafar rana a kan ganyen ayaba

Wannan shi ne abin da ya fi ba baƙo tsoro, kuma shi ne mafi daɗi. Ce "meals" kawai. A wasu gidaje sai ka sayi tikiti a kanta tukuna. Tambayi ko limited ne ko unlimited: na farko awo ɗaya ne na shinkafa, na biyu a yi ta zubawa har ka ce ya isa. In unlimited ne, mutum ɗaya ganye ɗaya, ba a haɗa hannu biyu a kansa, kuma ba a ƙulle saura a tafi da shi.

Za a shimfiɗa maka ganye, tsininsa yana kallon hagunka. Yayyafa ruwa kaɗan daga kofinka, share da hannu, ka zauna ka jira. Sai su fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa da bokitinsa. Rabin ganyen da ke nesa da kai na kayan haɗi ne: ɗan gishiri, ɗan mangwaro ko lemun tsami da aka tsuma cikin barkono da mai, poriyal wato kabeji ko ɗanyen wake da aka soya sama-sama da kwakwa, kootu wato kayan lambu da aka dafa da wake ya yi kauri, da appalam, wani siririn faifai soyayye. Rabin da ke kusa da kai na shinkafa ne. In gidan tiren ƙarfe yake amfani da shi, miyoyin za su zo a ƙananan kwanoni kewaye da tiren. Fitar da su gefe don ka sami filin cakuɗawa.

Ga inda tsari ya shigo. Kada ka zuba duk miyoyin a kan tulin shinkafa lokaci guda kamar yadda muke yi wa shinkafa da miya. Kasa shinkafar kashi uku ko huɗu, kowane kashi da miyarsa. Na farko ɗan kaɗan ne, da dafaffen wake ko podi da man shanu. Na biyu, mafi girma, da sambar: yi ɗan rami a tsakiya, a zuba maka, ka cakuɗa sosai da yatsu har kowace ƙwaya ta jiƙa, kana haɗawa da poriyal kana gutsurar appalam. Wani gidan kan kawo wata miya mai duhu mai tsananin tsami da yaji, kara kuzhambu, wannan cokali ɗaya ya isa gwaji. Na uku da rasam, romo ne tsinkakke na tsamiya da tumatir da masoro da tafarnuwa. Yana gudu a kan ganye, don haka karɓi kaɗan-kaɗan, ka tare shi da shinkafar. Za ka iya neman a zuba maka a kofi ka kurɓa, kuma in mura ta kama ka, ba abin da ya fi shi buɗe maƙogwaro. Daga nan payasam, kunun zaƙi na madara ko na mazarƙwaila. Sai rufewa: ragowar shinkafa da kindirmo ko tsinkakken nono, da ɗan gishiri, kana lasar tsumammen mangwaron nan a gefe.

Na san Bahaushe zai ji wani iri a ce ya cakuɗa shinkafa da nono da gishiri ba sukari. Ina roƙon a gwada. Bayan tsami da yajin da suka gabata, wannan ne ke kwantar da ciki, kuma a zafin Chennai na watan Mayu za ka gane dalilin da ya sa ba sa tashi sai sun ci shi. Waɗanda na ga abincin nan ya dame su, yawanci wannan matakin suka tsallake.

Yatsu huɗu su zama cokalinka, babban yatsa ya tura lomar baki. Hannun da ka kai baki kada ya taɓa ludayi ko bokitin miya ko ganyen wani, wannan ƙa'ida ce mai ƙarfi a wurinsu. Bari mai zubawa ya zuba. Za ka ga suna ɗaukar kofin ruwa da hagu tunda dama ta ɓaci, wasu ma suna tsiyaya ruwan daga sama ba tare da kofin ya taɓa leɓe ba. Kai ka tallafe kofin da bayan hannun dama kamar yadda muka saba. In kana son cokali nema, za a ba ka, ba wanda zai yi maka kallon banza.

In ka gama, kamo gefen ganyen da ke nesa ka ninko shi zuwa wajenka. Alama ce ta ka ƙoshi, ka gode. A Tamil Nadu ninka shi ta ɗaya ɓangaren, wato ka tura shi gaba, abu ne da aka fi yi a gidan makoki. Tashi ka je ka wanke hannu da baki, kada ka daɗe a kujera in akwai masu jira a tsaye.

In kewar tuwo ko nama ta taso

A kudancin Karnataka, wajen Bengaluru da Mysuru da Mandya, nemi ragi mudde. Ragi ita ce tamba, kuma mudde tuwonta ne, malmala guda mai duhu. Gutsura ake yi a tsoma a miya a haɗiye ba tauna. Su kan zaci sai sun koya wa baƙo, amma wanda ya girma da tuwon dawa ba ya buƙatar darasi. A gidajen Andhra kuma akwai gongura, ganyen yakuwa da aka daka da barkono, har da naman akuya ake dafa shi. Sai dai girkin Andhra ya fi na kowa yaji, barkonon garinsu Guntur ba wasa ba ne, saboda haka ka tanadi kindirmo kusa. A Kerala akwai rogo da miyar kifi, kuma can ne ake cin naman shanu a fili, soyayye da kwakwa, a haɗa da parotta mai sala-sala.

Biryani, wato shinkafar da ake dafawa da nama da kayan ƙamshi, iri-iri ce. Ta Hyderabad doguwar shinkafa ce, ta Dindigul da ta Thalassery gajera ce mai ƙanshi, kuma faranti ɗaya sau da yawa yakan ishi mutum biyu. A Chennai za ka ci karo da suna da ka sani: Buhari Hotel, wanda A. M. Buhari ya buɗe a 1951 a titin da yanzu ake kira Anna Salai. Gidan ne ake danganta wa soyayyar kazar nan Chicken 65, wadda suka ce sun fara a 1965. In azumi ya riske ka, Hyderabad na da haleem, alkama da nama da aka dafa aka kirɓa, masallatan Tamil Nadu kuma suna raba kunun shinkafa mai suna nombu kanji lokacin buɗa baki.

Kofi

Ce "filter coffee". Zai zo a ƙaramin kofin silba da aka zaunar cikin wani ɗan kwano mai faɗin baki. Garin kofi ne da aka tsiyaye a hankali ya yi kauri, aka haɗa da tafasasshiyar madara da sukari. Juye shi daga kofi zuwa kwano, daga kwano zuwa kofi, sau uku ko huɗu kamar yadda mai shayi ke yi, ya huce, sukarin ya narke, kumfa ta tashi. Kama kofin ta leɓensa domin jikinsa na ƙuna. Sukari a ciki yake zuwa, mai ciwon sukari ya ce "no sugar" tun wajen oda. A Bengaluru in ku biyu ne ku ce "by two", a raba muku kofi ɗaya gida biyu. Fiye da rabin kofin da Indiya ke nomawa daga Karnataka yake fitowa, kuma labarin da suke bayarwa shi ne wani waliyyi, Baba Budan, ya shigo da ƙwaya bakwai daga Yaman a hanyarsa ta dawowa daga Hajji a ƙarni na 17, ya shuka a duwatsun Chikkamagaluru da har yau ake kira da sunansa. Mai son shayi ba madara, a arewacin Kerala ya nemi sulaimani, baƙin shayi ne da lemun tsami.

Biya, da ƙunshin majinyaci

Za a kawo maka 'yar takarda a faranti, wani lokaci da ƙwayoyin wani ƙamshi da ake taunawa bayan abinci. A ƙananan gidaje kai ne za ka ɗauke ta ka kai kanta kusa da ƙofa. In ka ga an ƙara kashi 5 cikin ɗari da sunan GST, harajin gwamnati ne, ba cuta ba ce. 'Yan gari da waya suke biya ta tsarin UPI da aka fara a 2016, amma galibi yana tafiya ne da asusun bankin Indiya, kuma katin waje ba ko'ina yake aiki ba. Riƙe takardun rupee 10 da 20 da 50 da 100. Miƙa 500 da sassafe a kan idli biyu yakan jawo neman canji. Ihsani ga mai sabis ba dole ba ne, amma rupee goma ko ashirin a bar masa a faranti abu ne mai kyau, musamman in gidan za ka riƙa komawa. A darshini ba a bayarwa.

In za ka tafi da abinci masauki ko asibiti, kalmar ita ce "parcel", kuma a kanta ake faɗa. Za su naɗe idli ko dosa a ganye da takarda, su ƙulla sambar da chutney a 'yan ledoji. Kafin ka kai wa majinyaci komai, tambayi likitansa, musamman mai ciwon ƙoda ko sukari ko wanda aka yi wa aiki, domin sambar da rasam da tsumammen mangwaro duk suna da gishiri, abincin kuma kusan duk shinkafa ce. Mai rashin jituwa da gyaɗa ya sani cewa ana sa ta a wasu chutney, yazawa kuma tana cikin pongal da payasam.

Da aka ba yayana izinin cin abincin waje, idli muka fara kai masa. Na sayi kwanon silba mai hawa uku a kasuwa, kullum bakwai na safe in miƙa shi a kanta, su sa idli huɗu a hawan ƙasa, sambar a na tsakiya, chutney a na sama. Idli ya fi dosa jure tafiya, yana kai awa guda da laushinsa in kwanon a rufe yake. Chutney na kwakwa kuwa ɗanye ne, ba a dafa shi, kuma a zafin garin nan kafin azahar ya fara juyawa. Abin da bai ciwu da safe ba a zubar, kada a ajiye wa dare.